Kwaɗon Na Da Ƙarfi, To Wa Ke Riƙe Da Makullin?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin kasuwa ya san al'adar: a miƙa kati, a karkato da na'urar, a sa tafin hannu a kare, sannan a danna lambobi huɗu. Da an gama sai mutum ya ji ya yi iyakar tsaronsa, tunda bai bar na kusa da shi ya leƙa ba. Alhali lambobin nan huɗu doguwar tafiya ce a gabansu. Kafin su bar na'urar sai an kulle su da wani makulli na lissafi da aka tanadar mata. A hanya, wajen kamfanin da ke sada bankuna da juna, a sake kulle su da wani makullin daban. A banki kuma wata na'ura ta gwada su ba tare da idon ɗan Adam ya gan su ba. Kowane makulli a cikin waɗannan akwai wani a samansa da ke kulle shi, hawa-hawa, har a kai ga uban makullai. Shi kuwa wannan, wasu mutane ne suka ƙirƙire shi wata rana a wani ɗaki, kuma wasu mutane ne ke ajiyarsa har gobe. A kansu nake son a tsaya, domin a ganina babu wani aiki a harkar tsaron kwamfuta da ya kai nasu nauyi, kuma da wuya a sami wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa.

Ra'ayina shi ne kula da makullan sirri sana'a ce mai zaman kanta, wadda ya kamata kowane banki, kamfanin sadarwa da hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a su ba ta mutum takamaimai, mai suna da matsayi da ikon cewa a'a. Gwanin wannan sana'a kuma ana gane shi ne da abu guda: ya tsara aiki yadda babu wani mutum ɗaya, har da shi kansa, da zai iya cin amana shi kaɗai, kuma babu wani mutum ɗaya da rasuwarsa ko fushinsa zai rufe kamfani. Aiki ne mai ban mamaki ta wannan fuska. A sauran sana'o'i mutum kan so a ce ba a iya komai sai da shi. A nan, ranar da aka ce ba a iya komai sai da wane, to wane ya gaza.

Tushen maganar tsoho ne. Tun a 1883 wani masani ɗan asalin Holan, Auguste Kerckhoffs, ya shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: a gina tsarin ɓoye saƙo yadda ko abokin gaba ya san duk yadda yake aiki, ba zai karanta komai ba muddin makulli bai shiga hannunsa ba. Duniya ta bi wannan shawara sau da ƙafa. Tsarin AES, wanda Amurka ta ayyana a 2001, kuma da shi ake kulle yawancin bayanan bankuna da wayoyi, a buɗe yake, kowane ɗalibi zai iya zama ya karanta yadda aka gina shi. Makullinsa mafi tsawo yana da ɗigo 256, kuma gwada su ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin duk kwamfutocin duniya ko an haɗa su wuri guda. Ma'anar wannan ita ce an kwashe dukan sirrin an tara shi a cikin ɗan guntun lissafin da bai cika layi biyu a takarda ba. Ɓarawo mai hankali ba zai ɓata lokacinsa yana dukan kwaɗon da ba ya fasuwa ba. Zai tambaya ne a aljihun wa makullin yake kwana.

Abin da ya faru a bankin Postbank na Afirka ta Kudu ya isa misali, kuma ya fi kusa da mu fiye da labaran Turai. Jaridar Sunday Times ta ƙasar ta ruwaito a watan Yunin 2020 cewa uban makullan bankin, mai lambobi 36, an buga shi a fili ba a kulle ba a tsohuwar cibiyar bayanan bankin da ke Pretoria a 2018, kuma ana zargin ma'aikatan cikin gida ne suka yi awon gaba da shi. Abin da ya biyo baya, kamar yadda rahoton ya nuna, shi ne ma'amalolin damfara sama da 25,000 da asarar kimanin rand miliyan 56. Amma ba nan ciwon yake ba. Tunda duk katunan bankin daga wannan makulli suka samo amincinsu, sai maganar ta koma ta sauya kati kusan miliyan 12, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai rand biliyan ɗaya, kuma mafi yawan masu katunan tsofaffi ne da marasa galihu da ke karɓar tallafin gwamnati. Babu wanda ya karya lissafi a wannan labari. Ƙa'idar da masana'antar katunan kuɗi ta daɗe da kafawa ita ce kada mutum ɗaya ya taɓa ganin irin wannan makulli cikakke. Ana raba shi kashi-kashi, galibi biyu ko uku, kowane kashi a hannun ma'aji daban, a ambulan mai hatimi ko a kati na musamman, a sef daban, kuma ba a haɗa su sai a cikin na'urar da aka ƙera domin haka, a gaban shaidu, da rubutu a littafi. Ranar da makullin ya fito a kan takarda ɗaya, a ranar aka yi asarar. Sauran duk jiran lokaci ne.

To mene ne ainihin aikin wannan ƙwararre? Makulli yana da rayuwa kamar kowace halitta, kuma shi ne ungozomarsa, shi ne mai rainonsa, shi ne mai binne shi. Wajen haihuwa dole lambobin su fito daga ƙuri'a ta gaskiya wadda ba za a iya hasashenta ba. Kamfanin Sony ya ɗanɗana kuɗarsa a nan a ƙarshen 2010, lokacin da aka gano cewa lambar da ya kamata ta riƙa sauyawa a kowane sa hannu na na'urar wasan PlayStation 3 guda ɗaya ce ake ta maimaitawa, sai masu bincike suka lissafo makullin kamfanin da kansu. Bayan haihuwa sai ajiya, galibi a cikin akwatin ƙarfe da masu aikin ke kira HSM, wanda aka ƙera yadda makulli zai yi aiki a cikinsa ba tare da ya fito ba, kuma idan aka yi yunƙurin ɓalle shi ya goge abin da ke ciki. Sai rabon iko: wace manhaja, wane ma'aikaci, a wane lokaci. Sai sauyawa idan wa'adi ya yi, sai soke wanda ake zargin ya fita, sai hallaka wanda ya gama aiki tare da shaidar cewa an hallaka shi. A ƙarƙashin duk wannan akwai aiki mafi gundura kuma mafi muhimmanci, wato rajista. Babban kamfani na iya samun dubban makullai da takardun shaidar intanet a warwatse, wasu wanda ya ƙirƙire su ya bar aiki shekara biyar da suka wuce. Wanda bai san adadin makullansa ba, ba shi da bakin cewa ba a sace masa ko ɗaya ba.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Za a ce zamanin ma'aji da ambulan ya wuce. Yau kamfani na iya hayar rumbun bayanai daga Amazon ko Google ko Microsoft, su kuma suna da manhajojin da ke ƙirƙirar makulli, su ajiye, su sauya, ba tare da hannun mutum ba. Me zai sa ƙaramin banki ya ɗauki wani ya biya shi albashi a kan abin da inji ke yi? Gaskiya ne inji ya fi mutum iya maimaita aiki ba mantuwa, kuma duk ƙwararren da ke ƙin sarrafa aikinsa da inji yana cutar da kamfaninsa ne. Amma a duba abin da ya sami Microsoft ɗin kansa. A tsakiyar 2023 wasu masu kutse da aka alaƙanta da ƙasar Sin suka shiga akwatunan imel na hukumomi 22 da mutane sama da 500, ciki har da sakatariyar kasuwancin Amurka ta lokacin, Gina Raimondo, da jakadan Amurka a Sin na lokacin, Nicholas Burns. Daga ma'aikatar harkokin waje kaɗai an kwashi saƙonni kusan 60,000. Makamin da suka yi amfani da shi makullin sa hannu ne da Microsoft ya ƙirƙira tun 2016. Kwamitin gwamnatin Amurka da ya binciki lamarin ya bayyana a 2024 cewa kamfanin ya daina sauya irin waɗannan makullai a 2021, bayan wani sauyin da aka yi da hannu ya jawo katsewar aiki, kuma bai kafa wata hanya a madadin ba. Ya kuma ce har zuwa lokacin rahoton kamfanin bai tabbatar da yadda makullin ya fita ba. Wani ne ya yanke shawarar a dakata da sauyawa, kuma ba a sami wani mai iko da zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar yaushe za a ci gaba ba. Inji ba ya yin wannan tambaya. Idan haka ta faru a gidan da ke sayar wa duniya tsaro, mai haya da ya miƙa komai ya juya baya ba shi da hujja. Ko a gidan haya, wani ne zai zaɓi wanda zai riƙe makullin ɗaki, ya karanta yarjejeniya, ya san abin da zai yi ranar da mai gida ya yi sakaci.

Haka ma akwatin ƙarfen, bai kamata a mai da shi laya ba. Kamfanin DigiNotar na Holan a da yana cikin waɗanda aka amince wa su ba da takardun shaidar da ke tabbatar wa waya ko kwamfuta cewa shafin da ta buɗe na gaskiya ne. A 2011 mai kutse ya shiga ya sa na'urorin kamfanin suka sa hannu a kan takardun bogi sama da 500, har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane kimanin 300,000, kusan dukansu a Iran. Masu bincike sun gano cewa na'urorin sa hannun duk suna ƙarƙashin ikon shiga guda ne, da kalmar sirri mai rauni. Wanda ya sami damar ba sef umarni ba ya bukatar fasa shi. Gwamnatin Holan ta karɓe ragamar aikin, kuma kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya durƙushe.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya, musamman a wurin da ake ɗaukar amana da daraja. Za a ce raba makulli tsakanin mutum uku, da kiran shaidu, da sa hannu a littafi, tamkar ce wa ma'aikaci ne ba a yarda da shi ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin ba a taɓa kama shi da kwabo ba, yau a ce ba zai buɗe akwati ba sai da 'yan rakiya? Amsa ita ce wannan tsari shi ma'ajin yake fara karewa. Wanda ke riƙe da makulli cikakke shi kaɗai, shi za a fara tuhuma ranar da kuɗi suka ɓace, ko da yana barci aka yi. Shi za a yi wa tayin cin hanci, shi za a yi wa barazana da iyalinsa, kuma shi masu kutse za su bi har gida. Abin da ya faru ke nan a LastPass, kamfanin da sana'arsa ita ce ajiye wa mutane kalmominsu na sirri. A 2022 masu kutse suka gano cewa injiniyoyi huɗu ne kawai ke da hanyar isa ga makullan rumbun ajiyar kamfanin, sai suka bi ɗaya daga cikinsu zuwa kwamfutarsa ta gida, ta wata manhajar kallon fina-finai da bai sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗe duk abin da ya danna. Mutumin bai ci amanar kowa ba, ta wajensa aka ci. Bankuna sun daɗe da sanin wannan a ɗakin ajiyar kuɗi, inda ba a buɗe ƙofa sai mutum biyu sun zo kowa da nasa, kuma ba wanda ya ɗauki hakan zagi. Abin mamaki shi ne yadda ake kiyaye wannan a kan takardun kuɗin da ke cikin sef ɗaya na reshe ɗaya, a yi sakaci da shi a kan makullin da ke buɗe asusun kowa.

Akwai kuma ɓangaren da masu tsananin tsaro kan manta, kuma a nan ne ake bambanta gwani da mai tsoro kawai. Makullin da aka ɓoye har ya ɓace ya yi ɓarna daidai da wanda aka sace, domin bayanan da aka kulle da shi sun tafi ke nan har abada. Takardar shaidar da wa'adinta ya ƙare ba a lura ba ita ma tana tsayar da aiki cik. Ranar 6 ga Disambar 2018 wata takardar shaida a cikin manhajar kamfanin Ericsson ta ƙare, sai masu layin O2 sama da miliyan 30 a Birtaniya suka wayi gari ba intanet a waya, haka ma masu layin SoftBank a Japan. Babu maƙiyi, babu ɓarawo, kwanan wata ne ya cika. Saboda haka mai kula da makullai yana tafiya ne tsakanin ramuka biyu: kwafi ya yi yawa a sace, ya yi kaɗan a rasa. Lissafi ya ba shi sanda. A 1979 Adi Shamir ya fito da hanyar raba sirri kashi-kashi yadda wani adadi daga cikin masu riƙo, a ce uku cikin biyar, za su iya dawo da shi, amma biyu ko sun haɗa kai ba za su san komai ba. Zaɓen su wane ne biyar ɗin, a ina suke, da gwada haɗuwarsu tun kafin ranar bukata, wannan kuma ba lissafi ba ne, sanin mutane ne.

Wanda ke son ganin sana'ar a cikakkiyar surarta ya dubi yadda ake kula da makullin da ke tabbatar da tushen adireshin intanet na duniya, wanda ke ƙarƙashin kulawar ICANN tun 2010. Ana ajiye shi a wurare biyu a Amurka, Culpeper a jihar Bajiniya da El Segundo a Kalifoniya. Kusan duk wata uku ake taruwa a yi amfani da shi, ana bin rubutaccen tsari mataki-mataki, da shaidu da masu binciken waje, ana kuma watsa zaman kai tsaye ga duk mai son kallo. Masu riƙe da katunan kunna na'urar da makullin ke ciki daga ƙasashe daban-daban suke, kuma sai uku sun hallara. Idan wuraren biyu duk suka salwanta, akwai wasu mutum bakwai da biyar daga cikinsu za su haɗu a dawo da makullin. A rukunin farko na bakwai ɗin har da ɗan Burkina Faso. A Fabrairun 2020 kwaɗon ɗaya daga cikin sef ɗin ya ƙi buɗewa, aka ɗage zaman, aka kira mai gyaran kwaɗo ya huda shi, aka kuma sanar da duniya abin da ya faru. Wani zai ga abin dariya ne. Ni ina ganin alamar lafiya ce: tsarin da ba shi da ƙofar baya ko ga masu shi, kuma ba ya jin kunyar faɗin matsalarsa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce mafakar ƙarshe. Gaskiya ne na'urar HSM ba ta da arha, kuma ba kowane ƙaramin kamfani ne zai ɗauki ma'aikaci na musamman ba. Amma yawancin abin da ke hana ɓarna ba saye ake yi ba: rajistar makullai, hana ajiye su a cikin rubutun manhaja ko tura su ta WhatsApp, raba iko tsakanin mutum biyu, karɓe damar wanda ya bar aiki a ranar da ya bari. Ƙaramin kamfani na iya ɗora wa mutum ɗaya alhakin a rubuce, ya ba shi horo da mataimaki. Banki ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya da ke riƙe da lambobin BVN da NIN na miliyoyin mutane kuwa ba shi da wannan uzuri. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Kamfanin da bai san wane makulli ke kulle wane rumbu ba, ko awa 720 aka ba shi ba zai iya faɗin abin da aka ɗauka ba.

Aikin kuma ƙaruwa zai yi. A watan Agustan 2024 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin tsare-tsare uku da aka gina domin su jure wa kwamfutar kwantam, wadda tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa idan ta girma za ta iya karya irin makullan da intanet ke dogaro da su yau. Babu wanda ya mallaki irin wannan kwamfuta mai ƙarfin haka tukuna, amma ƙaura zuwa sabon tsari aikin shekaru ne, kuma matakinsa na farko shi ne dai rajistar nan da ake gudu. A gefe guda, ƙungiyar kamfanonin da ke ba da takardun shaidar intanet da masu manhajojin buɗe shafuka ta amince a 2025 a rage wa'adin takardar daga kwana 398 zuwa kwana 47 nan da watan Maris na 2029. Wanda ke sabuntawa da hannu sau ɗaya a shekara, yana dogaro da tunin kalanda, zai koma yi kusan sau takwas. Matasanmu da ke karatun kwamfuta, waɗanda yawancinsu hankalinsu na kan koyon kutse domin shi ke da armashi a fim, ga fage nan da masu shiga ba su da yawa, kuma abin da yake nema bayan ilimi shi ne haƙuri, tsari da riƙon amana.

Ga shugabannin bankuna da hukumomi da 'yan majalisar gudanarwarsu kuwa, ba sai sun iya lissafin ɓoye saƙo ba kafin su sauke nauyin da ke kansu. A zama na gaba su kira shugaban sashen kwamfuta su ce ya kawo sunayen mutanen da ke riƙe da kashin uban makullai, da ranar da aka sauya shi na ƙarshe, da littafin da aka rubuta hakan. Idan ya kawo suna ɗaya, ko ya ce sai ya tambayi kamfanin da ya yi kwangilar, kada a tashi daga zaman nan sai an naɗa mai aikin.